Ranar da Muka Mayar da Uwar Taro

Mun ɗauki tukunyar gidanmu mun kai ta ƙofar kamfanin haƙar ma'adinai, mun ajiye, mun juyo. Abin da ya faru ke nan. Ba a harbi kowa ba, ba a kama kowa ba, rediyo ma bai faɗa ba. Amma tun daga ranar babana bai ƙara ɗaga guduma ba.

Yanzu gadi nake yi a wani babban sito na tsofaffin ƙarafa a Sulai, nan Riyad. Kujerar roba gare ni a bakin get, da butar shayi, da inuwar da ke ƙaura tana barina. Kwanakin baya aka kafa mana wasu ginshiƙai biyu a mashiga, duk motar da ta ɗauko ƙarfe sai ta ratsa tsakaninsu. Ba su cewa komai. Har na manta da su. Sai wata rana da hantsi, wani direba ɗan Kano, yaro ne da muke kwana ɗaki ɗaya, ya shigo da lodi, ginshiƙan suka fashe da kuka. Ya diro yana yarfe hannu.

"Baba, wallahi abin nan ya haukace! Tsofaffin eyasi ne fa da bututu, ba bam na ɗauko ba!"

Mudir, wato shugaban siton, ya fito yana ɗaga hannu, yana cewa ya isa haka da Larabci. "Kalas, kalas, gefe!" Aka kai motar can ƙarshen fili aka kewaye ta da igiya. Ni ban tashi ba.  Ina zaune a Sulai, amma hancina hayaƙin gawayi yake shaƙa, kunnena kuma yana jin ruwan sama a kan rufin kwano, a garin da ruwa ba ya sauka.

Garin yana can cikin hamada, arewa da mu ƙwarai. A shekarar yunwa Baba ya ɗora zugazugi da uwar maƙera a bayan babbar mota, ya ɗora Inna da ni, muka bar ƙauyenmu na bakin iyaka. An ce akwai aiki a can. Akwai. Gari ne da ba shi da kaka, ba shi da tsohuwar kuka, ba shi da kabarin da ya girmi mazaunansa. Rami aka haƙa, mutane suka taru a bakinsa. Dutse ɗaya ne a garin, shi ma mutum ne ya tara shi, ƙasar da aka fitar daga ramin ce ake ta jibgewa har ta tsere wa hasumiyar masallaci. Da yamma in rana ta faɗa bayansa sai ya yi launin zuma. Muna yara mukan ce da mun girma za mu hau shi mu hango gida.

Abin da na fi riƙewa sauti ne. Da asuba dakan mata, turmi yana amsa turmi ta kan katanga. Da hantsi gudumar Baba. Da rana tsaka jiniyar kamfani, sai kowa ya dakata, sai nakiya ta tashi a cikin rami, ƙasa ta yi ajiyar zuciya a ƙarƙashin ƙafarka, tantabaru su watse, kofunan Inna su yi ta kaɗa haƙora a kan kantar ɗaki. Bayan nan sai wata ƙura mai laushi ta sauko a hankali, ta kwanta a kan ruwan randa, Inna ta hure ta gefe ta ɗebo mana mu sha. Ba mu ɗauke ta komai ba. A nan Riyad sautin duk ɗaya ne dare da rana, gurnanin eyasi da tayoyin manyan motoci. In ka rufe ido ba za ka san ƙarfe nawa ba ne. A can makaho ma ya san lokacin azahar.

Aikina zuga ne tun hannuna bai kai ba, daga baya na karɓi babbar guduma. Ƙarfe kuwa ba mu taɓa rasa shi ba. Duk abin da kamfani ya gama da shi, bututu ne, tanki ne, falle ne, sai ya ɓullo a kasuwa. Da shi aka gina unguwarmu. Ƙyauren ɗaki, gadon amarya, kurfoti, bokiti, tandar masa, cokali, har motocin wasan yara. Baba ba ya sayen ƙarfe da ido. Sai ya rataye shi da waya, ya ɗauko wata 'yar guduma da ke aljihunsa kullum, ya ƙwanƙwasa sau ɗaya, ya karkatar da kai, ya lumshe ido. In muryar ta yi gajarta sai ya ce wannan ya gaji, a bar shi. In ta ja dogo sai ya yi murmushi. Yakan ce mini, "Kai dai ka saurara. Ƙarfe yana faɗin abin da ke damunsa, mutane ne ba su jira ya gama."

Wata rana ya samo gindin wani tanki, mai kauri, cikinsa da wani ɓawo rawaya-rawaya kamar ƙanzon da ya kwana. Ya ƙwanƙwasa. Muryar ta tafi, ta tafi, har mai shayin tsallake ya waiwayo. Muka kankare ɓawon da hannu, muka yi ta dukan ƙarfen har wata ya canza, ya sa mata kunnuwa biyu da za a zura sanda. Tukunya ta fito. Ba ta kama tuwo, ba ta huce ruwa da wuri, maza biyu ke ɗaukarta. Matan unguwa suka sa mata suna Uwar Taro.

Ba ta cika kwana a gidanmu ba. Biki, suna, sadakar mamaci, buɗa-baki na masallaci, duk ita ce. Mafi yawa kuma wankan jego. Mace in ta haihu, ruwan zafin da za ta yi wanka da shi safe da yamma har ta yi arba'in, a cikinta ake dafawa, da ganyen darbejiya da direbobi ke kawowa daga kudu. Rabin yaran unguwar a ruwanta aka fara yi musu wanka. Ka'idar aro biyu ce, kowa ya sani ba tare da an faɗa ba. Ba a hanawa. Ba a kuma mayarwa wayam. In ta dawo sai Inna ta ɗaga faifan da aka rufe ta da shi ta leƙa. Wani lokaci ƙosai ne, wani lokaci goro, ko ƙullin gishiri, ko 'yar daddawa. Mai ƙaramin ƙarfi ko dabino ne zai jefa. Inna takan yi dariya ta ce, "Ta je yawo ta yi mana tsaraba." Ranar da take gida kuwa, in zafi ya tsananta, ƙanwata takan shige cikinta ta naɗe ta yi barci, don ƙarfen yana riƙe sanyin asuba. Ina ganinta har yanzu, kanta a jingine da gefen tukunyar, yatsa a baki.

A nan ba wanda ke aron tukunya. Ran Juma'a yaranmu da muke aiki tare sukan sayo shinkafar kabsa daga unguwar Batha a cikin kwanon yarwa, mai laushi kamar takarda. A ci, a dunƙule, a jefa a bola. Ba kwanon da ya san gidan wani. Ni kaɗai ke da 'yar tukunya a ɗakin kwananmu, duk mai son dafa indomi ya ɗauka, ya dawo da ita wayam, wani lokaci ma ba wanki. Ban taɓa magana ba. Ba su sani ba ne.

Na zama saurayi, gemu ya fara fitowa, sai wani mutum ya fara yawo a unguwa da wani ɗan akwati a rataye a wuya. Tsohon ma'aikacin rami ne, an sallame shi saboda tari. Siriri, idanu a zurme. Wasu baƙi ne suka zo garin suka dudduba suka tafi, suka bar masa akwatin. Yana da wani ɗan hannu da ake karawa a jikin abu, sai ya riƙa ƙyas, ƙyas, jefi-jefi. In ya samu abin da yake nema sai ya haukace da kuka. Yara suka ce gyare ne a ciki. Shi ke nan sunansa ya ɓace, ya koma Mai Gyare.

A teburin mai shayi yake zama. Yakan ce, "Wannan garin rawaya da ake durawa a ganguna, yuraniyom sunansa. Ƙetare ake kai shi. Da shi suke kunna fitilun biranensu, da shi kuma ake haɗa makamin ƙare dangi. Su sun ɗauki wuta, mu an bar mana toka. Tokar nan ba ta da wari, ba ta da ɗaci, ba ta ƙona hannu. A hankali take ci." Mutane su yi dariya, wani ya ce, "To Mai Gyare, gwada shayin nan, in akwai guba kai za ka biya." Shi ma sai ya yi dariya har tari ya ƙwace masa.

Waɗanda suka bi shi ba su da yawa. Wani tela, wata mai fura, wani malamin firamare, sai ni. Ba mu da ofis, ba mu da suna. Ni ya neme ni ne don na san asalin kowane ƙarfe a unguwar, da hannuna aka ƙera yawancinsu. Bayan la'asar mukan bi gida-gida, mai fura ta shiga ta yi sallama, a fito mana da kaya tsakar gida. Mata sun mai da abin wasa.

"Ku kara shi a kan maigidan, shi ma ya daɗe yana cina a hankali!"

"Ke rufa mana asiri, in aka kara a bakin surukata akwatin fashewa zai yi."

Yawancin kaya shiru, ƙyas, ƙyas. Amma nan da can sai gyaren ya ɗaga murya, a kan cokali, a kan ƙyaure, a kan motar wasan yaro. Sai dariya ta tsaya. Mai Gyare ya roƙi a ware abin. Wasu su ware, wasu su ɓoye da mun juya baya. Ban ga laifinsu ba. Cokali ɗaya gare su.

Duk wannan lokacin Uwar Taro tana yawonta, daga wannan gida zuwa wancan. Ranar da ta dawo, da safe, Gwaggo ta shigo. Tsohuwar gidan bayanmu ce, ita ta karɓi haihuwar ƙanwata, baki gare ta kamar reza, zuciya kamar man shanu. Ta ce 'yarta ta sauka lafiya, namiji, gobe za ta turo yara su ɗauki tukunya a fara wanka sosai. Inna ta yi guɗa ta ce, "Taki ce, Gwaggo, har sai kin tambaya?"

Da la'asar na shigo da Mai Gyare gidanmu.

Tun daga zaure akwatin ya fara sauri. Da muka kai tsakar gida, ya kara hannun a cikin tukunyar, sai ƙyas-ƙyas ɗin ya haɗe ya zama abu ɗaya, shaaa, kamar ruwan farko a kan kwano. Inna tana tankaɗe. Wallahi sai da ta ɗaga kai ta dubi sama. Babu ko gajimare. Ta sauke ido a kan tukunyar, ta dubi ƙanwata da ke zaune kusa da ita.

Baba ya fito daga maƙera. Bai yi wa baƙon sannu ba. Ya zaro 'yar gudumarsa ya bugi bakin tukunyar. Muryar ta tashi, ta cika gidan, ta haura katanga. Ya jira har ta mutu.

"Ka ji?" Ni yake kallo. "Wannan muryar mai ciwo ce? Shekara nawa kana zuga a gabana? Yau ka kawo mini ƙwaro a gwangwani ya ƙaryata kunnena?"

Mai Gyare ya ce, "Baba, kunnenka bai yi ƙarya ba. Ƙarfe ne mai kyau. Abin da ya sha kafin ya zo hannunka shi ne maganar."

"Kai ka yi shiru. Da ɗana nake."

Na ce, "Baba, jinjiri za a yi wa wanka a ciki gobe."

 Baba ya juya. Ya koma maƙera ya zauna, wutar ta mutu a gabansa bai zuga ba.

Inna ce ta tashi. Ta ɗaura zani a ƙirji ta ce a ba ta wuri. Ta ce ba yau ta fara ganin najasa ba. Kwanon da kare ya lasa ma addini ya faɗi yadda ake yi da shi, a wanke sau bakwai, ɗaya da ƙasa. Haka ta yi wa Uwar Taro, tana bisimilla a kowane wanki, da ruwan da muke saye a garwa. Da ta gama ba ta yarda ba, ta ƙara da toka, ta ƙara da lemun tsami, ta ƙara da yashi, tana gurzawa har magariba, har fatar yatsunta ta saɓule. Tukunyar ta yi ƙyalli kamar ranar da aka ƙera ta. Ta kife ta ta ce, "Gobe ka kira mini shi da ƙwaron nasa."

Da sassafe ya zo. Ya kara. Ruwan saman nan ya sake sauka, bai ragu da ɗigo ɗaya ba.

Inna ta zauna a kan turmi. Ta daɗe tana kallon hannuwanta. Can ta ce, "Najasar da ruwa da ƙasa ba su kai mata ba, wace iri ce wannan?" 

Muna nan sai ga Gwaggo da samari biyu da sanda.

"Ina kwananku. Kai, ta sha wanki! Ku ɗauka, maijego na jira."

Inna ba ta motsa ba. Tun da aka ƙera tukunyar nan kalmar hani ba ta taɓa fita daga bakinta ba.  In ta bayar, ta san abin da ta bayar. In ta hana, ta hana Gwaggo, a ranar farin cikinta, a gaban yara.

"Gwaggo, ku dakata."

"In dakata? Ke, hana ni za ki yi? Ni? A cikinta na dafa miki ruwa lokacin da kika haifi waccan mai tsotsar yatsa. Don wannan mai tarin ya zo da abin kiɗansa?"

"Ban hana ki ba. Ban isa ba." Inna ta dubi tukunyar. "Ba tawa ba ce, Gwaggo. Aro ce. Masu ita za a mayar wa."

"Aro? Mijinki ya ƙera ta ina kallo!"

"Ya ƙera. Amma ƙarfen nasu ne, abin da ke cikinsa ma nasu ne. Na wanke, ya ƙi fita. Mun yi amfani, mun gode, a kai musu kayansu."

Gwaggo ta dubi yatsun Inna. Ta ce wa Mai Gyare, "Kai, kunna in ji." Ya kunna. Ta saurara, kanta a karkace, kamar yadda Baba ke yi. Ta daɗe. Sai ta gyara mayafi ta ce, "To wayam za ki mayar musu? Ki ja mana zagi a ce matan unguwar nan ba su da tarbiyya?"

Ta fita. Ba a jima ba ta dawo da wani babban cokali, wanda gyare ya yi wa kuka makonni da suka wuce ta rantse mana ta yar. Ta jefa shi cikin tukunyar, ƙwal.

Magana a unguwarmu ta kan katanga take tafiya. Kafin hantsi mata sun fara shigowa, kowace da abu a ƙarƙashin mayafi. Tandar masa, murfin langa, marfin taga, sarƙar akuya, motar wasa da mai ita ke biye yana kuka. Duk abin da aka ɓoye mana ya fito. Kowace ta jefa sai ta ce, "Ga tawa tsarabar." Maijego kuwa ba ta rasa wanka ba. Gwaggo ta raba aiki, kowane gida ya dafa ruwa a tukunyar ƙasa ya aika, safe da yamma. Haka aka yi har ta yi arba'in, yara na ta kai-komo da tukwane a ka kamar jerin tururuwa.

Da tukunyar ta cika, samarin suka zura sanda, suka kasa ɗagawa sosai, gindinta na jan ƙasa. Sai ga Baba a ƙofar maƙera, ya sa rigarsa ta Juma'a.

"Ku sauke. Ni na ƙera ta. Ba wanda zai ja ta a ƙasa."

Ya kama gaba. Ya dube ni. Na kama baya.

Tafiyar nan ita ce nake yawan mafarkinta. Hanya ce miƙaƙƙiya, fara fat, daga unguwa zuwa ƙofar kamfani, dutsen ƙasa yana gefenmu. Ba mu da kwalaye, ba mu da waƙa. Mata ne a bayanmu, sun fi maza yawa nesa, mayafai kala-kala, ba mai magana. Sautin kawai shi ne ƙarafan da ke gogar juna a cikin tukunya, cas, cas, daidai da takunmu, da tarin Mai Gyare daga can baya. Ina kallon ƙeyar Baba, gumi na bin wuyan rigarsa. Sandar tana cin kafaɗata, amma ji nake kamar ba a ƙasa muke tafiya ba. A mafarkin hanyar ba ta ƙarewa, kuma duk waɗanda suka mutu suna cikin jerin.

Mai gadin ƙofar ɗan unguwarmu ne. Tuwon sunan ɗansa a tukunyar aka tuƙa. Ya fito yana gyara hula, ya rasa wa zai kalla.

"Inna, lafiya? Me kuka kawo?"

"Tukunyarku ce, ɗan nan. Ka ce musu mun gode, mun gama. Ga ɗan abin da muka samu a ciki, kada su raina."

Ya shiga ya kira. Wani babba ya fito da hular kwano, ya yi magana da malamin firamare cikin harshen da ba na ji, yana murmushi. Ya aika aka kawo masa nasu akwatin, sabo, ya fi namu kyau. Ya miƙa hannun wajen tukunyar. Nasu ma ya yi kukan. Sai mutumin ya ja da baya, taku ɗaya, kafin ya tuna ana kallonsa. Duk mun gani. Gwaggo ta ce, ba da ƙarfi ba, "Af. Ashe kun san ta."

Baba ya zaro 'yar gudumarsa. Ya bugi bakin tukunyar sau ɗaya. A cike take, muryar ba ta yi nisa ba. Ya sa gudumar a ciki, a kan tarin, ya juya. Muka bi shi.

Bayan haka an turo mota da mutane masu safar hannu, sun zagaya kasuwa sun kwashe wasu ƙarafa. An daina fitar da tankuna na wani lokaci. Dutsen ƙasa yana nan inda yake, ƙura ba ta daina sauka a randa ba. Mun ci gaba da yawo da gyare har Mai Gyare ya kwanta, tela ya karɓi akwatin. Baba ya koma sayar da gawayi. Bai taɓa ce mini na yi daidai ba, bai kuma ce na yi kuskure ba. Amma ranar da tari ya kama shi, ni ya ce in zauna kusa da shi. Ya tafi. Inna ta bi shi. Ƙanwata ta yi aure ta haihu, ba ta rayu ta ga yaye ba. Likita bai ce tukunya ce ba. Ni ma ban ce ba. Jinjirin Gwaggo kuwa ya rayu, na ji an ce yana tuƙa babbar mota.

Na bar garin. Na yi dako, na yi gini, na yi abin da ya samu, har hanya ta kawo ni nan da takardar zama da sunan wani a kanta a matsayin ubangidana. Na taɓa bin gawar wani ɗan uwanmu zuwa maƙabartar Ud da ke nan Riyad. Babu suna a kan kaburburan, tudun ƙasa ne da dutse. Na ji daɗin wurin. Haka namu suke a can.

Motar yaron nan ɗan Kano ta kwana a cikin igiya. Washegari wasu suka zo da fararen kaya, suka zaro guntun bututu ɗaya daga cikin lodin, suka sa a akwati suka tafi. Yaron ya zo ya tsuguna kusa da kujerata yana ƙunƙuni, ya yi asarar yini guda saboda guntun ƙarfen da bai kai damtsensa ba.

"Kai kuma Baba jiya ina ta masifa kana ta murmushi. Me ya ba ka dariya?"

Na ba shi labarin, a gajarce. Ya saurara yana latsa waya. Da na gama ya ce, "Tukunya kuma? Baba, ka tsufa." Ya tashi.

Ran Juma'ar da ta biyo ya ɗauki 'yar tukunyata bai tambaya ba, kamar kullum. Da yamma na tarar da ita a kan katifata, an wanke, an rufe. Na ɗaga murfin. Dabino ne a ciki.

Ina nan Sulai, bakin get, a kan kujerar roba. Numfashina ya fara gajarta. Motoci na wucewa tsakanin ginshiƙai biyu, ni kuma ina saurare.